Maten Líber a Gaban Alƙalai

Duk La Paloma, garinmu na bakin teku a Yurugwai, ta san maten Líber Umpiérrez hukunci ne, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa. Mu nan kowa da fulas ɗinsa a hammata da ƙoƙon mate, shayin ƙasarmu, a hannu, kowa kuma ya yarda ganyen yerba da ruwan zafi sun isa a haɗa shi. Ban da Líber. Shi sai ya ƙara wata ciyawa da yake tsinkowa a bayan filin ƙwallo, da ɓawon lemo da ya babbake a murhu, da wata saiwa da ya ƙi gaya wa kowa sunanta, sannan ya kwarara ruwan da ya tafasa har ya gaji da tafasa. In ka taɓa fasa maɗaciyar kifi bisa kuskure ka lashi yatsa, to ka kusa, amma da saura.

Shi ne kuma mai zuba wa ƙungiyarmu ta ƙasa, ta masu kamun kifi da fatsa a teku. Ba wanda ya naɗa shi. Tun muna samari ya rungumi fulas bai sake saki ba. Ga shi a wurinmu in an miƙo maka ƙoƙo ba ka mayarwa sai ka zuƙe ta bututun ƙarfen da ke kafe a ciki har ya yi ƙara, alamar ka shanye. Don haka kowa ya nemi hanyar tsira. Kyaftin ɗinmu, Nybia, ta ce likita ya hana ta saboda gyambon ciki, alhali nata fulas ɗin yana ɓoye ƙarƙashin kujerar mota. Wani ya ce yana hana shi barci, wani ya ce yana sa shi barci. Ni Yamandú kaɗai na rasa mafita, don Líber kompadre na ne, shi ya riƙe mini 'yata ranar baftisma. Ta yaya zan kalli idonsa in ce ina da gyambo?

"Sha, kompadre," in ji shi kullum. "Ka ji hannu?"

"Na ji hannu," in ce, ido yana ruwa.

Shi kuwa ya juya ya ce wa mutane, "Ku dubi wannan, daɗi har hawaye yake sa shi."

Shekarar da gasar ƙasashe ta zo gaɓarmu, hukumar wasan ta riga ta gaya wa Líber cewa wannan ce tasa ta ƙarshe. Idonsa ya fara gajiya, ƙullin ƙugiya ma da laluben yatsa yake yi. Bai taɓa ciyo lambar yabo ba, amma abu ɗaya yake taƙama da shi bayan mate: tsawon rayuwarsa a ruwa ba a taɓa nuna shi da yatsa an ce ya yi maguɗi ba. Yana so ya sauka da sunansa fes, a garinsu, a gaban matarsa da jikokinsa. Ranar ƙarshe ta same mu muna na huɗu, Beljiyam na gabanmu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ni ban ma samu gurbi ba a wannan shekara. Wani likitan haƙori daga Montevideo ya ture ni a gwaji, mutumin da ko sunan iska bai sani ba, amma a bar wannan maganar, raina ɓaci yake yi. Aka ajiye ni a jiran ko-ta-kwana, aka damƙa mini ragar ɗauko kifi aka ce in taimaka a ɗaya daga cikin jiragen. A irin wannan gasa ƙuri'a ake jefawa, a watsa 'yan kowace ƙasa a jirage daban-daban, kowa ya tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da baƙi. Ƙuri'a ta jefo Líber jirgin da nake.

Kafin a tashi an karanta mana dokoki da harsuna barkatai, kuma wadda aka fi nanatawa ita ce: ba a jefa komai a ruwa don tara kifi. Ko ɓarɓashin burodi. Duk muka gyaɗa kai, Líber ma ya gyaɗa, yana tsiyaya ruwa a ƙoƙo.

Wilmar, direban jirgin, ya kai mu inda aka tsara ya saki anga. Safiya ta wuce shiru kake ji. Teku lafiyayye, rana tana duka, kowa ya zuba wa bakin sandar fatsarsa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Líber yana can gefen baya, sanda a hannun dama, fulas a hammatar hagu, ƙoƙo tsakanin gwiwoyi. Da shirun ya ishe shi sai ya tuna mu ne masu masauki, ya fara zagayawa da mate.

Ɗan Brazil ya san kan abin. Ya shinshina daga nesa ya ce azumi yake yi, alhali yanzun nan na ga ya gama da tsiren alade. Ɗan Ailan ya leƙa cikin ƙoƙon ya yi alamar gicciye. Sai aka zo kan ɗan Beljiyam, wani dogo mai suna Wouters, mutum mai ladabi ƙwarai, irin wanda zai ba ka haƙuri in ka taka shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi, ya kama bututun ƙarfen ya hau juya shi a cikin ganyen kamar mai motsa sukari a shayi.

Wilmar ya cire hularsa. Ni kaina da nake ƙin maten nan kamar mutuwata sai da tsikar jikina ta tashi, don ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a taɓa bututu. Mai zubawa ne ya kafa shi, inda ya kafa shi nan zai zauna.

"Wayyo," in ji Líber a hankali. "Bawan Allah, ka kashe shi."

Ya karɓe ƙoƙon, ya kifa shi a bakin jirgi, ya bubbuga, koren ganye ya watsu a kan ruwa. Ya ciro sabo daga jaka ya sake haɗawa, ya kafa bututu, ya sake miƙa wa Wouters yana nuna masa da yatsa: baki kawai, hannu a'a. Wouters ya zuƙa. Na ga maƙoshinsa ya yi gardama da shi, na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya haɗiye don ladabi, ya mayar, ya koma kan sandarsa.

To ko ruwa ne ya juya, ko Allah ne ya so ya yi dariya, ban sani ba. Ba a jima ba sandar Líber ta lanƙwashe.

"Raga, kompadre! Raga! Barci kake yi?"

Korbina ce, kifin gaɓarmu, ƙatuwa, mai ƙyalli. Ban gama cire ta ba wata ta kama. Sai wata. Kifi ya yi sansani a ƙarƙashin gefen Líber kamar an aika masa katin gayyata, su Wouters kuwa da ke taku biyu daga nan sai kallo. Na yi ta kwasa har bayana ya ƙage. Líber yana ja yana waƙa, yana zuba mate yana tura mini, duk kuma lokacin da ganye ya salance sai ya kifa ƙoƙo a ruwa ya sa sabo, kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan yake yi tun kaka da kakanni ba tare da ya san ya yi wani abu ba. Ni ma ina gani ban ga komai ba. Wilmar ma haka, don shi ma nasa yake zubarwa ta ɗaya gefen. Wouters ne kaɗai na ga ya ɗaga waya yana ɗaukar koren da ke yawo a ruwa, na ɗauka abin tunawa yake so ya kai gida.

Da muka dawo tashar jiragen ruwa aka auna, Yurugwai ta haye ta uku. Gari ya ɗauka. Masu ganguna suka fito, matar Líber tana kuka, jikoki sun rataye a wuyansa, likitan haƙori ma sai da na rungume shi, Allah ya yafe mini. Ana cikin haka Nybia ta ratso taro fuskarta kamar an aiko mata da mutuwa.

"Beljiyam ta kai ƙara. Sun ce Malam Líber ya yi ta zuba wa kifi abinci."

"Abinci? Wane abinci?"

"Yerba, Yamandú. Suna da hotuna."

Líber ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gaya masa hukuncin sai dariyar ta tsaya. Za a soke kifinsa, lamba ta tafi, wannan mai sauƙi ne. Za a kuma rubuta a sakamakon gasa cewa an kore shi saboda maguɗi, a aika wa kowace ƙasa.

"Maguɗi?" in ji shi. "Ni?" Ya duba wajen jikokinsa.

Da la'asar aka zauna a zauren kulob. Duk wanda ke da ƙafa a La Paloma ya zo, waɗanda ba su samu wuri ba suka liƙe a tagogi. Shugabar alƙalai wata 'yar Fotugal ce, Doña Graça, gajeruwa mai tabarau a kan hanci, tana jin harshenmu sarai. A bakin ƙofa Nybia ta ja Líber gefe.

"Malam Líber, don girman Allah, abu ɗaya za mu ce: ganyen shayi ne da aka gama da shi, shara ce, ba ya jan kifi. Kai dai ka yi shiru."

"Shara?"

"Ka yi shiru, na roƙe ka."

Aka nuna hotuna. Wouters ya yi bayani cikin ladabi, har yana ba da haƙuri: an zuba koren abu, kifi ya zo, an ƙara zubawa, kifi ya ƙaru, shi dai abin da ya gani ke nan. Doña Graça ta dubi Líber ta saman tabarau.

"Me ke cikin abin nan?"

"Yerba, ranki ya daɗe. Da wasu 'yan abubuwa."

"Waɗanne abubuwa?"

"Sirri ne."

Nybia ta rufe ido.

"To a ganinka, abin nan yana jan kifi?"

Nan ne fa ake yin ta. Da mutum ne mai hankali sai ya ce a'a ya zauna. Amma an tambayi Líber ko matensa yana jan wani abu, a gaban garinsu. Na ga ƙirjinsa yana tasowa.

"Ranki ya daɗe, ban zuba don kifi ba, wannan na rantse. Amma in kin tambaye ni ko yana ja, ai matena duk abin da ke da baki yana ja. Mutane titi suke tsallakowa."

"Suna tsallakewa dai," wani ya yi gunaguni a bayana.

"Wato abu ne mai daɗi da mai rai ke so," in ji Doña Graça, ta ɗauki biro.

"Ba ni zan yabi kaina ba. Ga kompadre na nan, tambaye shi. Tun muna da gashi baƙi yake sha, bai taɓa bari ya wuce shi ba."

Kyaftin ɗin Beljiyam ya jingina da kujera yana murmushi, an yi masa aikinsa kyauta. Nybia ta dunƙule hannu ta soka mini a haƙarƙari.

"Yamandú," ta raɗa, "ko ka buɗe bakin nan, ko a rubuta shi macuci. Zaɓi."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Líber yana kallona yana murmushi, yana jiran yabo. Na miƙe.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ba ya jan kifi. Ba ya jan komai. Maten kompadre na, Allah ya sani, ba abin da ya kai shi muni a gaɓar nan daga nan har iyakar Brazil."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, ya ɗauka wasa nake. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa.

"Akwai kyanwa a tashar nan da ke cin ruɓaɓɓen kan kifi da guntun taba, in ta ga ya kifa ƙoƙo sai ta canza hanya. Inda yake zubar da ganyen a bayan kulob ɗin nan ciyawa ba ta fitowa, ku je ku duba, tururuwa ma sun yi ƙaura. Tsuntsayen teku da ke haɗiye leda ba sa sauka a kai. Hawayen da yake cewa na daɗi ne, ranki ya daɗe, ba na daɗi ba ne."

"Kompadre," in ji Líber.

Ban iya kallonsa ba. Nybia ta miƙe. "Ni ma ba ni da gyambon ciki. Cikina lafiya lau, ina da takardar likita in ana so."

Shi ke nan, dam ya ɓalle. Wilmar ya ɗaga hannu ya ce ya taɓa wanke tsatsar anga da shi. Mai burodi ya ce in ya hango Líber da fulas sai ya shige bayan tanda ya ce a ce ba ya nan. Limamin coci ya ce shi yana karɓa ne a matsayin tuba. Mutane suna ta ɗaga hannu har ta taga, kowa yana so ya ceci Líber, kowa kuma yana caka masa wuƙa da murna. Har Wouters ya ɗaga nasa a hankali.

"Gaskiya ni ma na ɗanɗana," in ji shi. "Har yanzu ba na jin harshena."

Kyaftin ɗinsa ya harare shi kamar ya cinye shi ɗanye.

Doña Graça ta buga tebur. "Ya isa. Malam Umpiérrez, haɗa mini in ji."

Ya haɗa. Ya jera ganyen gefe guda, ya kafa bututu, ya tsiyaya ruwa, ya miƙa mata yadda ake miƙa wa babban baƙo. Ta zuƙa sau ɗaya. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta nemi ruwa, ta sha, ta nemi ƙari.

"An kori ƙara," ta ce da wata murya da ba tata ba. "Kifin da aka kama kusa da wannan abu, an kama shi ne duk da shi. In da adalci ma ƙarin maki ya kamata a ba shi. Amma kada wanda ya sake zuba shi a teku, teku ba ta yi mana laifin komai ba."

Zaure ya kece da ihu. Aka ɗaga Nybia sama, ganguna suka dawo, Wouters ya zo ya kama hannun Líber yana ba da haƙuri da harsuna uku. Líber ya karɓi gaisuwar kowa. Ya rufe fulas, ya sa ƙoƙo a jaka, ya miƙa wa matarsa. Da aka kira su kan dandamali aka rataya musu lambar tagulla, sunansa fes kamar yadda ya so, na ga hannunsa na hagu a lanƙwashe a jikin haƙarƙari, ba komai a hammatar. Kowa yana tafi, ni na kasa.

Bai zo liyafa ba. Bai fito tasha washegari ba, haka ranar da ta biyo. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na wanke ƙafa na tafi gidansa da hantsi. Na same shi a tsakar gida yana gyaran zare, lambar tana rataye a ƙusa kusa da kejin aku.

"Sannu da zuwa, Malam Techera," in ji shi. Sunan mahaifina ke nan, bai taɓa kirana da shi ba. "Zauna. A kawo maka mate?"

Ya shiga ciki ya fito da wani sabon ƙoƙo. Ruwa daidai, bai tafasa ba. Yerba zalla ta kanti. Ya ɗebi sukari cokali guda ya barbaɗa a kai, irin wanda ake yi wa yara da baƙin da ba a saba da su ba, ya miƙo mini da ladabi.

Na sha. Kai, ya yi daɗi. Ashe duk shekarun nan mutumin nan ya iya. Ban taɓa shan abin da ya ƙona mini rai kamar maten nan mai daɗi ba.

"Ya yi?" in ji shi.

"Ya yi."

"Madalla. A ƙara?"

"Kompadre, ina namu?"

"Wanne?"

"Ka san wanne."

Ya ci gaba da naɗe zarensa. "Wancan kyanwa ma hanya take canzawa. Tururuwa sun yi ƙaura. A gaban jikokina ka faɗa."

"Na faɗa. Da ban faɗa ba da a gabansu za a kira ka macuci."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa na sa maka sukari ban kore ka ba." Sannan ya ce, "Tururuwan ne ba dole. Da ka tsaya a kyanwa."

"Bakina ne ya ƙwace."

"Duk shekarun nan, Yamandú. Me ya hana ka faɗa mini mu biyu?"

"Kai kake zubawa," na ce. "Ni kuma ba ɗanɗanon nake zuwa sha ba."

Ya daɗe yana kallona da idanun nan nasa da suka fara hazo. Sai ya karɓe sabon ƙoƙon daga hannuna, ya kifar da shi a gindin bishiya, ya leƙa ɗaki ya ɗaga murya.

"Gladys! Mayar da butar nan kan wuta, ki bar ta ta tafasa sosai. Ki miƙo mini gwangwanin saiwar nan."

Daga ciki na ji matarsa ta ce, "Wayyo Allah, an koma."

Ya haɗa a tsohon ƙoƙo, ina gani ya ninka saiwar, bai ko ɓoye ba. Ya kafa bututu ya turo mini.

"Sha, kompadre."

Na zuƙa. Ya fi na da muni, harshena ya naɗe, hawaye suka zubo har gemu. Ban cire baki ba sai da ƙoƙon ya yi ƙara.